Mai Gadin Injin Haya

Safiyar Asabar Bakhita ta kai wa mijinta Adam shayi bakin hafiri, tafkin garin, ta tarar da shi kwance a inuwar injin tono, an rufe masa fuska da rawaninsa. Ta ɗauka barci yake. Ta ajiye butar, ta kira sunansa, ta kama babban yatsan ƙafarsa ta ja, sai ta ji ya sandare.

Kafin hantsi duk Hillat Gawo ta taru a wurin. Adam ba kowa ba ne a garin. Yankan riɗi ya kawo shi shekarun baya, ya zauna, ya yi aure, yana gadin abin da aka ce ya yi gadi. Ran nan dai kowa ya zama ɗan'uwansa. Aka duba aka ga babu jarkokin jaz biyu, man da injin ke sha. Aka tuna cewa ranar Alhamis an ji direban injin, Naziru, yana ɗaga wa Adam murya a kan man. Aka ƙara tuna cewa Naziru baƙo ne, yaƙi ne ya koro shi daga Madani. Da 'yan sandan Fau suka iso, sun tarar an gama shari'a, an ɗaure shi da igiyar jaki.

Hafirin shi ne tafkin da garin ke tara ruwan damina ya sha har rani ya fita. Laka ta cike shi, ya ƙafe tun kafin azumi, mata suna sayen ruwa ganga-ganga daga masu amalanken jaki. Lajnar gari, wato kwamitin garin, ta kwashe rani guda tana gardama a kan gyaransa. Shugabanta, Alhaji Abuelgasim, mai gonakin dawa da riɗi a bayan dutse, ya dage a sayi tsohon inji, a ajiye shi a gidansa. Wasu suka ce a ba ɗan kwangila. Mata suka gaji da jira, suka tsaya ƙofar masallaci suka ce a ɗauko haya kafin ruwa ya sauka. Haka injin wata mata mai suna Hanadi ya zo garin.

Hanadi ce ta aika a kira Mailafiya.

Ya iso da la'asar a bayan wata motar gawayi. Ya haura sittin, siriri, ba ya gaisuwa mai tsawo. Ya tsufa yana bin sawun raƙuma da shanun sata daga Fau har iyakar Habasha, kuma abin da ya koya game da mutane a wannan aiki bai sa ya ƙaunace su ba. Ya tsaya a kan gaɓar hafirin ya dubi ƙasa. Sawun gari guda ne a kai, manya da yara, har da na wanda ya zo kallon gawa da rake a hannu ya zubar da tuƙa. A ƙarƙashin nasu kuma kofaton shanu ne ya tattake ko'ina.

"Wa ya ce ku zo nan?" ya tambayi dattawan da suka biyo shi.

"Mutuwa aka yi, Baba Mailafiya."

"Na ji. Shi ya sa kuka zo kuka yi rawa a kai."

Hanadi tana tsaye jikin injin, mace mai kimanin arba'in, da farin mayafi da takalmin birni wanda baƙar ƙasa ta riga ta ɓata. Mijinta ya rasu a hanyar gudu. Cikin duk abin da suka mallaka a Madani, injin nan kaɗai aka samu aka ɗora a babbar mota aka fitar. Mailafiya ya dubi takalmin ya yanke mata hukunci: irin matan nan ne da suke zaton ƙauye wurin tatsa ne.

"Naziru bai kashe kowa ba," in ji ta.

"Kina tare da shi jiya?"

"A'a."

"To ki ce ba ki sani ba. Ya fi sauƙin faɗa."

Alhaji Abuelgasim ya matso, yana dogara da sandarsa mai bakin ƙarfe. Babban mutum ne mai taushin murya. "Ni tun farko na faɗa musu, ya Mailafiya. Abin haya ba naka ba ne, wanda ya zo da shi ma ba naka ba ne. Da namu muka saya, ɗan gari ne zai tuƙa, ɗan gari ne zai kula. Ga shi jiya, saboda Allah, na ba da motata kyauta ta kwashe jama'a zuwa walimar alhajin Hillat Salwa, gari ya zama wayam, su kuma suka samu dama."

Dattawa suka gyaɗa kai. Mailafiya ya lura sun ci naman walimar sosai, har yanzu suna sakace.

Washegari da safe ya je Fau. Shawish ɗin, wato sajan 'yan sanda, ya san shi tun zamanin satar raƙuma, ya bar shi ya ga Naziru. Saurayi ne mai kauri, leɓensa a kumbure. Mailafiya ya dubi ƙafafunsa kafin fuskarsa.

"Me ya haɗa ka da Adam ranar Alhamis?"

"Ya bar jarkoki a rana. Na yi masa faɗa. Da yamma mun sha gahawar jabana tare."

"Wa ya gan ku?"

"Babu."

"Makullin injin yana hannun wa?"

"Nawa. Amma Baba, injin ya tsufa. Ko da bakin cokali ana tada shi."

"Ranar Juma'a kana ina?"

Naziru ya sunkuyar da kai.

"Likita ya ce ƙarfe mai nauyi ne ya farfasa masa haƙarƙari," in ji Mailafiya. "Mutanen can sun riga sun ga ƙarfen a hannunka, har sun san kalarsa. In kana so ka mutu don kunya, ka mutu, ni dai an biya min kuɗin mota."

Sai a nan ya yi magana, a hankali. Ya zo Fau ne wurin wani mai injuna sababbi yana neman aiki. Yana son barin Hanadi. Ita ce ta ciyar da shi da uwarsa tun fitowarsu daga Madani, ba ya son ta ji.

Mailafiya ya je ya tambayi mai injunan. Mutumin ya ce eh, wani yaro ya zo bayan sallar Juma'a, bai daɗe ba ya tafi. Wannan bai wanke kowa ba. Daga Fau zuwa hafiri ba nisa ba ne ga mai babur. Mailafiya ya koma yana tunanin cewa wanda zai gudu ya bar matar da ta ciyar da shi, zai iya kwashe mata mai ya yi guzuri.

Makiyayin da shanunsa suka tattake wurin sunansa Elnour. Mailafiya ya same shi a gindin wata ƙaya yana ɗinke takalmi. Shanun mutanen gari yake kiwo, na wannan biyu, na wancan goma.

"Ka bi ta hafiri ranar Juma'a."

"Na bi."

"Ka ga Adam?"

"Na ga mutum kwance. Na ce barci yake."

"Hafirin babu ruwa, babu ciyawa. Me shanu suka je ci?"

"Hanya ce."

"Hanya ake bi a wuce. Naka sun je sun dawo, sun sake zuwa sun sake dawowa. Ko su ma lajna suke da ita, suna gardama?"

Elnour bai yi dariya ba. Ya ci gaba da soka allura. A bayan bukkarsa akwai jarkoki biyu, Mailafiya ya je ya buɗe ya sansana. Ruwa ne, kuma tsofaffi ne, ba su taɓa ɗaukar mai ba. Ya mayar da murfin. Mutumin yana ƙarya, wannan a fili yake, amma ƙaryar ta fi ƙarfinsa, kamar rigar aro.

Da Mailafiya ya dawo gari, ya iske Alhaji Abuelgasim a ƙofar ɗakin da aka sauki Hanadi, zaune a kan gadon igiya, ɗansa Abdulhakim tsaye a bayansa. Abdulhakim shi ke tuƙa taraktocin gonar ubansa. Dogon saurayi ne, ranar idonsa ja kamar wanda bai yi barci ba.

"Ki yi tunani, 'yata," Alhaji yake cewa. "Injin da aka zubar da jini a gindinsa, wa zai sake ɗaukarsa haya? Daga nan har Showak labari ya kai. Direbanki yana hannun hukuma. Ke mace ce, ba za ki kwana a daji kina gadin ƙarfe ba. Ni zan karɓe miki shi, don Allah da zumunci, ki samu abin kama ɗaki a Gadarif ki huta."

"Ba a yi kwana biyu da binne Adam ba, Alhaji."

"Shi ya sa nake sauri, kafin farashinsa ya ƙara faɗuwa."

Da suka tafi, Hanadi ta dubi Mailafiya. "In na sayar, na ci kuɗin a wata shida, sai me? In na riƙe, babu mai haya, tsatsa ta ci. Mijina ya ce inji ba a barinsa ya zauna. Kai me ka gani?"

"Ni sawu nake bi, ba ciniki ba. Kin san direbanki yana neman barin ki?"

Ya faɗa ne don ya ga fuskarta. Sai ta ce, "Na sani. Ni na ce wa mai injunan Fau ya gwada shi. Ba ni da abin da zan riƙe shi da shi, kuma yana da uwa."

Mailafiya bai ji daɗin wannan amsa ba. Ta rushe masa abin da ya gina tun safe.

Bakhita tana takaba, don haka bai shiga gidan ba. Ya zauna a kan dutse a bayan zana, ita tana ciki. Yana jin motsin wanki.

"Ki yi haƙuri, Bakhita. Ranar Juma'a kin gan shi?"

"Da sassafe. Ni na tafi Fau sayar da shayi, ranar kasuwata ce. Shi bai je walima ba. Ya ce amana aka ba shi."

"Yana da abokin faɗa?"

"Adam?" in ji ta. "Wa zai tsaya faɗa da Adam? Ba a faɗa da wanda ba a gani."

"Me kike wankewa?"

"Rigarsa. Asibiti suka dawo min da ita a leda. Mata sun ce in bari su wanke, na ƙi."

Ta juye ruwan wankin. Ya gangaro ta ƙarƙashin zana ya biyo ta gefen ƙafar Mailafiya. Ya janye ƙafarsa, sannan ya tsaya yana kallo. Ruwan ja ne. Ba jan jini ba, wanda ke komawa ruwan ƙasa in ya kwana. Da ruwan ya tsotse, ya bar wani siririn gari ja da 'yan tsakuwa a kan baƙar ƙasar ƙofar gida. Ya dangwala da yatsa ya murza.

"Rigar da datti ya sa ta ranar Juma'a?"

"Wankakkiya. Ni na ba shi da hannuna saboda Juma'a. Ga shi duk bayanta ja, har cikin aljihu, ya ƙi fita."

A duk ƙasar nan, daga gari har hafiri har gonaki, ƙasa baƙa ce mai tsagewa da rani. Jar ƙasa wuri ɗaya take, gindin dutse. Adam ya faɗi a can, ba a inda matarsa ta same shi ba.

Mailafiya ya miƙe. Ya ji haushin kansa, domin ya yi kwana guda yana kallon fuskokin mutane kamar kowane sakarai, bai durƙusa ya dubi ƙafar injin ba.

Ya koma hafiri ya durƙusa. Bokitin haƙan cike yake da baƙar laka, wani ya caka shi a gaɓa don ya rufe abin da ke ciki. Amma a tsakanin farantan sarƙar da injin ke tafiya a kai, da ya sa wuƙa ya ƙwaƙule, jar tsakuwa ce ta zubo.

Ranar da aka kawo injin, ta gindin dutse ya biyo daga babban titi, don haka sawun sarƙarsa yana kan hanyar tuntuni, ba wanda zai yi mamakinsa. Mailafiya ya wuce inda shanu suka tattake, ya ci gaba har inda Elnour ya gaji da aikin da aka sa shi. Daga nan ƙasa ta fara magana. Sabon sawu ya hau kan tsoho, ya tafi ya dawo, yana karkacewa kamar tafiyar mashayi. A gefensa kuma takalmin taya ne, na mutum ɗaya, taku mai faɗi, yatsu sun nutse. Mai gudu ne.

Ya bi su har bayan dutse, ta wata kafa da aka buɗe a shingen ƙaya aka mayar. A can kwarin da ke kwaso ruwan dutse ya kai hafirin gari yake lanƙwasa. An fasa gaɓarsa. An ja wani mummunan rami, nan zurfi nan tudu, daga kwarin zuwa wani sabon gurbi a tsakiyar gonar Alhaji Abuelgasim. Ruwan farko da zai sauka, can zai nufa. Gari zai biya haya a yashe masa hafiri, ya zauna yana jiran ruwan da ba zai zo ba.

Mailafiya ya daɗe a bakin ramin. Ya ga inda takalmin taya ya tsaya. Ya ga inda jiki ya kwanta, da inda aka ja shi zuwa tayoyin wata ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ya ga sawun mutum biyu, ɗaya saurayi, ɗaya mai nauyi, da 'yan ramuka zagayayyu a gefen damansa, inda bakin sanda ya riƙa shiga ƙasa. Jarkokin biyu suna cikin ƙaya, babu komai a ciki. Ba a ma sace man ba, injin aka shayar.

Ranar Litinin da hantsi shawish ya zo da Naziru. Aka taru a rumfar ƙofar masallaci, maza a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya, Hanadi a cikinsu. An kira Elnour ya tsuguna a gefe. Alhaji Abuelgasim yana kan kujerarsa, Abdulhakim a bayansa.

Mailafiya bai yi doguwar sallama ba. Ya kwance ƙullin tsumma ya zuba jar tsakuwa a kan tabarma.

"Wannan daga ƙafar injin na ciro ta. Irinta ce a rigar Adam. Wanda bai san inda ake samunta ba a garin nan ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya motsa.

"Ranar Juma'a, kuna can kuna cin nama, an tada injin an kai shi bayan dutse. An fasa kwarin da ke ba ku ruwa, an juya shi gonar mutum ɗaya. Naziru, in an ce ka ja rami, yaya gefensa yake fita?"

"Santal, Baba."

"Na ga aikinka a hafiri. Wancan ramin kuwa kamar kura ta yi tono. Wanda ya ja shi ya iya sitiyari, bai iya hannun inji ba. Ya zo juya hannun, ya juya shi ta inda bai nufa ba, akwai mutum a tsaye a wurin." Ya juya. "Alhaji, a walimar an gan ka wurin cin abinci?"

"Na yi sallah da jama'a."

"Ba sallah na tambaya ba."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. "An ajiye masa kan rago. Ba mu gan shi ba, muka raba."

"Ciwon ciki ne ya taso min," in ji Alhaji, muryarsa da taushinta. "Gonata kuwa, ban leƙa ta ba tun girbi. In wani ya shiga ya yi ɓarna, a nemo shi."

"Sandarka ta leƙa. Shawish zai je ya gwada bakinta a ramukan da ta bari. Elnour, wa ya ce ka kai shanu su yi ta zagaye a busasshen hafiri?"

Elnour ya dubi ƙasa, ya dubi shawish, ya ga inda ƙarfi ya koma. "Alhaji ne. Ya ce in tattake wurin, kar in tambaya. Rabin shanun nasa ne."

Wani irin sauti ya fito daga ƙirjin Abdulhakim. Ya durƙushe a bayan kujerar. "Ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba. Ya biyo mu yana ihu, Baba ya ce in rabu da shi in ci gaba. Na ce mu kai shi asibiti, yana numfashi, Baba ya ce—"

"Kun ji da bakinsa," Alhaji ya katse shi, bai ko waiwaya ba. "Shi ya tuƙa. Ni ban taɓa injin nan ba, ban iya ba. Yaro ne ya yi ganganci, ni kuma uba ne, na rufa masa asiri. Wannan shi ne laifina, ya shawish."

Abdulhakim ya ɗago ya dubi ƙeyar ubansa. Kukan ya tsaya masa cak. Mailafiya ya kama ɓarayi da yawa a rayuwarsa, ya ga wanda ya bar raƙumi ya gudu, ya ga wanda ya bar abokinsa da harsashi a cinya. Bai taɓa ganin wanda ya miƙa ɗansa cikin natsuwa irin wannan ba, kamar mai miƙa canji.

"Yana numfashi har yaushe?" shawish ya tambayi saurayin.

"Har muka kwantar da shi a inuwar injin. Ni na rufe masa fuska, saboda ƙuda."

Shawish ya kwance ankwa daga hannun Naziru.

Motar 'yan sanda, da Alhaji da ɗansa a bayanta, ba ta gama ɓacewa ba dattawa suka fara. Wannan ya ce shi dama tun ranar Asabar jikinsa ya ba shi. Wancan ya ce shi ya ji ƙarar inji daga nesa da suna dawowa, ya ɗauka jirgi ne. Wanda ya kawo igiyar jakin da aka ɗaure Naziru ya zo yana dafa masa kafaɗa yana kiransa ɗana. Daga nan aka koma gardamar da aka saba: wani ya ce wannan ya nuna saye ya fi, wani ya ce da an saya ai a gidan Alhaji za a ajiye.

Hanadi ta ratso ta tsakiyar maza ta tsaya.

"Injina ba na sayarwa ba ne. Zan gama muku hafiri, saboda matan nan da suka tsaya aka kawo ni. Amma daga yau wanda ya ɗauki injina haya, ya ɗauka da direbansa da ni kaina, ina zaune a gindinsa har a tashi. Kuma ba lajna zan yi magana da ita ba. Su zan yi da su." Ta nuna matan. Sannan ta dubi Naziru. "Kai kuma in an gama nan, ka tafi Fau, suna jiranka. Ka koya wa wani kafin ka tafi."

Naziru ya rufe fuska da hannu. Dattawa suka dubi juna, suna neman wanda zai ce mace ba ta yi musu haka ba, amma mai faɗin irin wannan magana yana bayan mota.

Mailafiya yana bakin hanya yana jiran abin hawa sai ga Hanadi, da wata mace a bayanta lulluɓe har ido. Bakhita ce.

"An ce kar in fita," in ji ta. "Na fita. Gobe za a cike ramin. Ina so ka nuna min wurin."

Ya yi niyyar cewa ba aikinsa ba ne, sai ya ga ya riga ya juya. Suka tafi su uku cikin zafin azahar, hadari yana haɗuwa can gabas. Suka wuce shingen ƙaya. Ya nuna mata da tsinken kara.

"Nan ya biyo. Tun daga hafiri da gudu ya zo. Nan ya faɗi ya tashi, ga gwiwarsa. Nan ya sha gabansu."

Bakhita ta tsuguna kusa da sawun, ba ta taɓa ba. "Da hannun injin ya juyo, gudu yake yi?"

Mailafiya ya sake dubawa, ko da yake ya riga ya sani. Sawu biyu ne a jere, dugadugai sun nutse daidai, suna fuskantar injin.

"A tsaye yake. Bai ja da baya ba."

Ta daɗe tana kallon wurin. "A gida ko akuya ce ta shigo, ni yake kira in kore ta," ta ce.

Hanadi ta zauna a ƙasa kusa da ita, da farin mayafinta. Mailafiya ya koma bakin shingen ya juya musu baya. Ya ji motar gawayin tana wucewa a kan titi, ita ce ta ƙarshe zuwa Fau a ranar. Ya bar ta ta wuce.